Na'urar Ba Kifi Abinci a Gidan Baba

Asabar, 5 ga Afrilu

Yau aka kafa na'urar a kan tankin kifina na gidanmu a Bakura. Durom ce mai murfi, da sola da sim a jiki. Ina danna waya, ta watsa wa tarwaɗa abinci. Na gwada sau biyu gaban maƙwabta, kai ya kumbura. Na ce wa Baba daga yau ya huta da ɗaukar bokiti, ƙafarsa ta samu sauƙi. Ya ce to, Allah shi yi albarka. Ya daɗe riƙe da kwanon da yake ɗibar abincin da shi kafin ya kife shi.

Litinin, 14 ga Afrilu

Daga ofis a Mafara nake ciyar da su. Ban je gida ƙarshen mako ba. Me zan je yi?

Juma'a, 25 ga Afrilu

An tura mu aiki Maradun, can sabis sai a hankali. Na saita ta ta riƙa zubawa da kanta safe da yamma. Yanzu ko wayar ba na buɗewa.

Asabar, 3 ga Mayu

Ƙanwata Amatullah ta kira. Cikin hira take gaya mini kullum Baba na dawowa daga masallaci da safe sai ya ja kujera bakin tanki ya zauna. Da na'ura ta yi ƙara sai ya leƙa ya ce wa Inna, "Sadi ya tashi lahiya." Kafin nan ko koko ba ya sha. Ita dariya take yi. Na ce mata ana nemana, na kashe.

Lokacin da take ƙarar nan, ni barci nake yi.

Lahadi, 11 ga Mayu

Na je Bakura, karo na farko tun ranar da aka kafa ta. Kifi sun yi ƙiba, Baba ya rame. Na tarar da abokinsa Malam Nagode na Dakko a zaure. A gabana Baba yake ba shi labari, wai duk nisan da nake da yawan aikina ban taɓa makara ba ko rana ɗaya, 'ya'yan wasu ko waya ba su yi. Malam Nagode ya kama hannuna yana sa mini albarka. Na sunkuyar da kai, suka ɗauka ladabi ne.

Na so in faɗa. Wallahi na buɗe baki. Sai na ji ina tambayar ko an yi shuka a Dakko.

Talata, 13 ga Mayu

Na bar tuwon dare a kwano, na kwanta.

Alhamis, 15 ga Mayu

Mun dawo Mafara. Na cire saitin safe tun jiya. Na gaya wa kaina don batir ne.

Yau bayan asuba ban koma barci ba. Na kira Baba na ce ya duba mini ko kifin sun taso sama kafin in danna, gara a riƙa dubawa. Na ji takunsa da sanda, a hankali. Ya ce sun taso, har babban nan mai tabo a kai, wanda ban ma san da shi ba. Na danna. Ta cikin wayar na ji ruwa na fantsama, shi kuma yana yi musu faɗa su bar ture juna.

Bai kashe ba, ni ma ban kashe ba. Na makara ofis.