Tsimi Ba Giya Ba Ne

Zuwa ga Innata a Bungudu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lahiya, ke da Baba da ƙannena. Ya ciwon bayan naki? Malam Sahabi ke rubutawa, ni faɗi kawai nake.

Inna, tsoro nake ji. Ƙarfen hanyar jirgin da ake shimfiɗawa ya murƙushe wa maigidana ƙafa. Malamin asibiti nan Gusau ya ba mu kwalbar maganin kashe zafi, ɗigo ɗigo ake sha. Ya ce kul aka haɗa shi da giya. Wai hanta kamar mace guda ce bakin dutsen niƙa: in giya ta shigo, ita take fara niƙawa, maganin ya yi ta taruwa cikin jini har numfashi ya yi barci. Yayan maigidana, Hamidu, ya hasala, wai an zagi gidan salla.

Shi ɗin ne kuma ya kawo tulun tsimi, saiwoyi da zuma, ya daɗe a jiƙe har yana kumfa. Wallahi Inna, warinsa irin na rumfunan bayan Sabon Gari ne. Da na faɗa, sai ya ce tsimi magani ne tun kakanni, ni yarinya mi na sani. Ni in ba da ɗigo, shi ya bi da ƙoƙo.

Yanzu maigidana barci kawai yake, leɓɓansa sun yi toka. Numfashin sai ya tsaya, in girgiza shi, sannan ya dawo. Na ɗora mai jaririyarmu bisa ƙirji, ko motsi. Don Allah ki turo Baba. Shi namiji ne, za a ji maganarsa.

Ki gaishe da kowa.
Ɗiyarki, Wasila

Zuwa ga Innata,

Bayan gaisuwa, ina fatan kun tashi lahiya.

Baba kada ya wahala da tahiya. Jiya da hantsi anka kai maigidana makwancinsa. Yarinya na ta kuka, nonon ma ya ƙi zuwa.

Duk mai zuwa gaisuwa, Yaya Hamidu na gaya masa maganin Nasara ne ya kashe ƙanensa, kowa na girgiza kai. Ni ina ƙuryar ɗaki, ba wanda ya tambaye ni.

Kwalbar sun fasa ta bayan gida. Tulun kuwa an ɗaure bakinsa an aza bisa jaki, wai akwai wani a Tsafe, shi ma ƙarfen hanyar jirgin ya ji masa ciwo.

Ki sa mu a addu'a.
Ɗiyarki, Wasila