Farar rigata za ta koma Kongo

Daren Laraba, Ƙofar Jatau, 1998

Yau Alhaji mai shagon kwamfuta a unguwar Kongo ya sallame mu. Tun farkon wata muke danna masa sabon tsarin rajistar ɗalibai, duk inda ya maƙale mu nuna, wai gwajin ɗaukar aiki ne. Da tsarin ya daina maƙalewa sai ya ce, "Ku je, samari, za a neme ku." Na lura har ya karɓo wani tsarin da ke bukatar gwaji.

Bayan isha'i maƙwabcinmu Sani ya shigo da murna. "Yaya, ara mini farar rigarka, Alhajinku ya kira ni gwaji gobe."

Na faɗa masa komai. Sai ya ce, "To in zauna a gida?"

Na ɗauko dutsen guga. Na hura gawayi, na goge masa rigar.