Hannun Tela

Yaya,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya, da maigidan da yara. Ya ƙafar Inna, ya kuma tarin Baba? Ni lafiyata ƙalau, sai kewarku da ke taso mini duk sanda na zauna cin abinci.

Kada ki yi dariya don na koma biro da takarda. A ƙasar nan, ƙauyen da aka turo mu waya ba ta kamawa sai an hau tudun bayan asibiti, nan ma sai da sa'a. Direban ƙungiyarmu ne zai kai wannan cikin gari ya aika.

Asibitin ɗaki biyu ne da baranda. Da aka rarraba mu ɗaliban da muka zo aikin sa kai, ni gwajin ido aka ba ni, tunda shi nake karantawa. Yarensu kuwa har yanzu sai da tafinta. Jiya na ce bari in gwada gaida wata tsohuwa da kaina, ashe lafiyar akuyarta na tambaya. Ta amsa mini kuwa tsakani da Allah.

Akwai wani dattijo tela da shagonsa ke kallon ƙofarmu. Yanar ido ta rufe masa ido biyu, keken ɗinkinsa an lulluɓe shi da tsohon zani. Ƙarshen wata likitan tiyata zai zo, aikin ba wani mai wuya ba ne, amma tela ya rantse ba mai kai masa wuƙa ido. Kullum in na tashi aiki sai in zauna a bencinsa ina lallashi. Taurin kai dai irin na Baba sak.

Ki gaida kowa, ki kuma sa wa Baba ido a kan maganinsa.

Taki,
Auta

Yaya,

Barka da ɗawainiya, ya mai jiki? Allah ya ba shi lafiya, ya saka miki.

Na hau tudu na ga saƙonki cewa an kwantar da Baba, in taho. Na kira, ke kina wajen sayen magani, shi ya ɗauka. Cewa ya yi, “Auta, gama aikinki. Tari ne kawai, yayarki ce mai ruruta abu.” Shugabar ƙungiya ta ce in ina so, gobe direba ya fitar da ni.

Yaya, ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe. Tela ya yarda. Amma ya ce sai dai in ina tsaye ina riƙe da hannunsa, don muryata kaɗai ya sani a asibitin nan. Da labari ya bazu, tsofaffin da suka ƙi a da su ma suka ce a sa da su. Likitan nan sai shekara yake zagayowa. In na tafi tela ya fasa, duk za su fasa.

Na san ranki zai ɓaci, ke kaɗai da jinya da yara. Saura kwana kaɗan. Ana cire masa bandeji zan kamo hanya, ko kayana ban tsaya haɗawa ba.

Ki gaida Inna, ki ce wa Baba ina tafe.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Ya haƙuri, ya haƙurin Inna? Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta.

Ina tashar mota nake rubuta wannan, wataƙila ma in riga ta isowa. Amma na san in na gan ki bakina ba zai buɗe ba.

An yi wa tela aiki lafiya, na riƙe hannunsa har aka gama. Washegari da safe na hau tudu da gudu don in ba Baba labari, sai na tarar da saƙonki, har an kai shi. Ban san yadda na sauko ba. Ina isowa baranda nas ta jawo ni ciki, wai za a cire bandeji kuma tela yana nemana.

Ya buɗe idon a hankali. Ya kalli matarsa, ya kalli tafin hannunsa, sannan ya juyo kaina. Ya yi magana, ɗakin ya ɗauki dariya. Tafinta ya ce, “Wai ashe mai wannan faɗan yarinya ce ƙarama, ga ta kuma tana kukan murna.” Sai tela ya kama hannuna ya ce in na koma gida in gaida mahaifina, in ce masa ya iya tarbiyya. Na ce to. Ban gaya masa ba, Yaya. Ranarsa ce, ban so in ɓata masa ita.

Ba na cewa aikin banza na yi. Amma ko sau ɗaya ban roƙi tela ya yarda wata ta riƙe shi a madadina ba. Kuma ranar da na yi waya da Baba na ji yadda numfashinsa ke sarƙewa tsakanin kalma da kalma, ni da nake karatun lafiya. Na ji sarai. Maganarsa ce ta fi mini daɗi a kan taki, shi ya sa na ɗauke ta.

Abu ɗaya nake roƙo. In na iso, ki zaunar da ni ki faɗa mini yadda ya cika, da duk abin da ya ce. In ya neme ni, kada ki ɓoye mini don tausayi. In bai neme ni ba, shi ma ki faɗa.

Ki riƙe mini Inna kafin in ƙaraso.

Ƙanwarki mai neman afuwarki,
Auta