Hukuncin Indararo a Gaban Mai Kopto

Yamai, 4 ga Yuli, 1962

Zuwa ga Yaya Mariama,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya ke da yara da babansu. Ni dai lafiyata ƙalau, in ban da ciwon kai guda, sunansa Don Eusebio.

Tsohon alƙali ne daga Sipaniya, an ɗauko shi ya horar da mu. An ce a ƙasarsu da littattafansa ake koyon shari'a. Lokacin yaƙinsu aka kawo masa hukuncin kisa ya sa hannu a kan mutumin da ba a saurara ba, sai ya ajiye alƙalami ya bar ƙasar. Sai ya sa mini hannu zan zama alƙali. In ya ƙi, na koma biro, wato ofis, ina buga hatimi har tsufa.

Ya ba ni shari'ar gwaji: indararon wani Halidu yana zuba ruwa a katangar maƙwabcinsa Isaka har ta zube. Na rubuta shafi tara da Faransanci, ni kaina na burge kaina. Ko buɗewa bai yi ba. Ya ja ni bakin ƙofar gidan shari'a wurin Zeinabu mai sayar da kopto, kwaɗon zogale ke nan, ya ce in faɗa mata hukuncin da Hausa. Wai hukuncin da mai talla ba ta gane ba takarda ce kawai. Na yi ta zuba. Ta gama sallamar mai saye, ta dube ni ta ce, "Mushe (wato Monsieur), to wa ya ci?" Don Eusebio ya yage shafi taran a gabana. Ya ba ni wata guda, kuma daga shi babu ƙari. Wallahi raina ya ɓaci.

Ki gaida kowa.

Ƙaninki, Sanusi

Damagaram, 15 ga Yuli

Sanusi,

Na amsa gaisuwa, duk muna lafiya. Na karanta wa baban su Aisa takardarka, ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi.

Ni kam ina bayan tsohon nan. Tun kana lakkol, makarantar boko, in aka tambaye ka ko ka ci tuwo, daga shukar gero kake farawa. Ka je ka ga indararon da idonka kuwa? Na san ba ka je ba, kana jin tausayin takalminka. Ka je. Sannan ka faɗi hukuncin kamar yadda kake rubuto mini in kana son kilishi, a nan ba ka taɓa wuce layi uku ba.

Allah ya ba da sa'a.

Yayarka, Mariama

Yamai, 30 ga Yuli

Yaya Mariama,

Ina gaisuwa. Na je, takalmin ma ya tafi a taɓo. Ashe indararon ya girmi katangar da shekara goma, Isaka ne ya zo ya yi gini a ƙarƙashinsa yana gani. Babu wanda ya rubuta wannan a takardun da aka ba ni.

Jiya muka koma wurin Zeinabu. Na ce, "Isaka ya gyara katangarsa da kansa, don ya ga indararon kafin ya yi gini. Halidu ya juya indararonsa ya kalli titi, don maƙwabci ba magudana ba ne." Ta ce, "Yauwa. Kowannensu zai yi tsaki, amma kowa ya san dalili." Don Eusebio ya cinye kopto kwano guda, ya goge gemu, ya ce in zo Litinin.

Ki taya ni addu'a.

Sanusi

Yamai, 6 ga Agusta

Yaya,

Gaisuwa da albishir. Ya sa hannu, kuma bai yarda an buga hatimi ba sai da Zeinabu ta dangwala yatsa kusa da sunansa. Garin Tawa aka tura ni. Na tambaye shi littafin da zan tafi da shi, ya ce in bar littafi, in na sauka daga mota, kafin in nemi gida in fara neman mai talla.

A aiko da kilishi.

Ƙaninki, Alƙali Sanusi