Gidan Dutse da Soron Iya

Springfield, 14 ga Mayu, 2012

Zuwa ga jikana, angona Maitama,

Gaisuwa mai yawa. Ya karatu, ya mahaifiyarka, ya ƙafar Baba Nasiru? Ni lafiya lau, haka za ka faɗa musu. Kai kuwa, an ɗauke maka mata wata tara ko cigiya ba ka yi ba, Allah ya shirye ka.

Ranar Asabar kawunka Misbahu ya kwashe mu zuwa ƙauye, wai a miƙe ƙafa. Muka yi ta hawan tudu a daji, ba kasuwa ba gidan biki, har gwiwata ta fara zagina. Can sama sai ga wani tsohon gidan dutse mai hasumiya, kamar na sarakai. Na rangaɗa sallama sau uku. Najiba 'yar Misbahu ta ƙyalƙyale da dariya, ta ce da Turanci masu gidan sun tafi shekara ɗari. Rufi ya zube, ciyawa har cikin murhu. Suna ta ɗaukar hoto, ni na zauna bakin ƙofa na ce musu ƙafa ce. Ba ƙafa ba ce, sorona na tuna.

Misbahu ya ce komawata sai likita ya sallame ni. Tun ƙaramar Sallah yake faɗin haka, ga damina ta kawo kai. Don Allah karɓi makulli wurin mahaifiyarka, a yi wa soron yaɓe, a gyara indararo. Ka riƙa hura wuta ciki, ko shayi ne, hayaƙi na korar gara.

In na dawo, in tarar da ɗaki. In ban dawo ba, naka ne, ka sa duk wadda ta yarda da kai.

Allah ya yi maka albarka.

Kakarka,
Iya Sailuba