Kada Baba Ya Naɗe Kifi Da Ita

Mamata,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya Baba da rumfar kifinsa? Yaya ƙafar Gwaggo Froso?

Lafiyata lau a Vienna, 'yar mura ce kawai. Kin san aikina: haɗa yagaggun takardun wani Bagirke ɗan'uwanmu na zamanin da, wanda ya rubuta tarihi littafi talatin. Yau layi tara kacal suka rage a duk rubutunsa, su ma a juji aka tono su. Ranar Talata na yi atishawa a kansu, gutsure uku suka tashi sama! Malamata ta dafe kai ta ce, "Evanthia, mutumin nan ya tsira daga gara da gobara, ke ce za ki ƙarasa shi?" Da rarrafe muka tsince su. Ta hana ni zuwa sai na warke. Ɗakina shiru, amma ana sabawa.

Ki aiko mini da zumar garinmu, Allah ya bar mini ke.

Kuma na san halin Baba da takarda. Ki ɓoye wasiƙar nan, kada ya naɗe kifi da ita. Da irin haka mutumina ya koma layi tara.

'Yarki,
Evanthia