Wanda Ya Fi Ƙara

Sabo, Ibadan

Zuwa ga 'yata Hafiza,

Assalamu alaikum. Ina fatan ke da maigidanki da yara kuna lafiya. Malam Sammani tela ne ke rubuta min, na kuma hana shi gyara min magana.

Tun shekarar da ruwan kogin Ogunpa ya ci gari, da katangarmu ta faɗi muka sake gina ta ni da maƙwabcina Babandi, na dasa mangwaron nan a gindinta. Ba a haife ki ba. Mahaifiyarki ta share ganyensa har Allah ya karɓe ta, ni kuma na ɗauki tsintsiyar. Yanzu Jafaru direban goro ya kawo min hotunan injin zuƙe ganye da kika aiko, wai in zaɓa. Ban zaɓa ba. In don ciwon baya ne, bayan nawa ne, ciwon ma nawa ne. Wayar da kika aiko kuwa tana cikin akwati. Ba na hira da wanda ba na gani.

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifinki, Maikuɗi

Kaduna

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa. Muhibbat 'yar hayarka ta faɗa min ta same ka durƙushe a tsakar gida da tsintsiya a hannu, ka kasa miƙewa. Wannan ba ka sa Malam Sammani ya rubuta ba.

Injin iri biyu ne. Akwai mai batir, ba nauyi, ba ƙara. Akwai mai igiyar wuta, yana da nauyi kuma ihunsa sai ya tashi unguwa. Ni mai batir na zaɓa maka. In ka ƙi, to ka dawo Kaduna, ɗakinka na nan. Don Allah Baba, ban da taurin kai.

'Yarka, Hafiza

Sabo, Ibadan

Hafiza,

Wa'alaikumus salam. Muhibbat bakinta ba ya rufuwa, Allah ya shirye ta.

Bari in faɗa miki abin da ba ki sani ba. Cikin waɗanda muka sauka a tashar jirgin ƙasa tare ranar da muka fara zuwa garin nan, saura ni da Babandi. Idonsa ya tafi tuntuni. Kullum bayan asuba yana zaune a bayan katanga, da ya ji tsintsiyata sai ya ce, "Tsoho, ba ka mutu ba?" In ce, "Sai na binne ka, makaho." Shi ke nan, kowa ya san ɗan'uwansa ya kwana.

To yanzu kunnen ma ya fara tafiya. Ranar Talata na yi shara bai ji ba. Ashe ya zaci na mutu. Ya fito ba takalmi, yana laluben bango yana kiran sunana, ya faɗa kwata a ƙofar gida. Da na ɗago shi, ya riƙe fuskata da hannu biyu, bai ko zage ni ba.

Na zaɓa. Mai batir ɗin ki bar wa mai shi. Aiko wanda ya fi ƙara.

Na gaida maigidanki.
Mahaifinki

Kaduna

Baba,

Ina gaisuwa. Na karanta takardarka ina kuka. Na sa mai shago ya kunna su duka, na ɗauki wanda ya sa shi toshe kunne. Jafaru zai taho da shi idan ya gama lodi. Ka gaishe min da Baba Babandi, ka ce ya shirya.

'Yarka, Hafiza

Sabo, Ibadan

Hafiza,

Assalamu alaikum. Inji ya iso jiya da la'asar. Babandi kuwa mun kai shi makwancinsa shekaranjiya. Tun faɗuwar nan bai sake miƙewa ba. Na ce zan binne shi, na binne shi.

Yau na yi shara, na tsaya a jikin katanga ina jira. Shiru. Injin ban buɗe kwalinsa ba, wa zan kunna wa?

Na ciro wayar daga akwati, Muhibbat ta sa mata caji. Gobe bayan asuba zan ajiye ta a kan katanga in ɗauki tsintsiya. Ki kira, ki saurara. In kin ji shara, ki tambaye ni ko ban mutu ba.

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifinki, Maikuɗi